Cikin da Aka Ce Ya Kwanta

Abin da ke ƙasa a lokacin ba shi da yawa. Shekara goma sha bakwai na yi a gidan maigidana ban taɓa ko ɓatan wata ba. Shi kaɗai ne ɗan da uwarsa ta haifa ya rayu. Kafin ni ya taɓa aure, matar ta daɗe ba ta haihu ba, suka rabu, ta je wani gida ta haifi biyar. Kowa a danginsu ya iya wannan lissafin, ba dai mai faɗa a fili. Ranar da tansiyo, hawan jini, ta kayar da shi a kan keken ɗinkinsa a Sabon Garin Maraɗi, aka kai shi likita bai kai la'asar ba, abin da ya bari shi ne gida ɗaya, keken ɗinki biyu, rabonsa a lambun ubansu na Jiratawa, da tsohuwa ɗaya a Tsibiri wadda ba ta da jika. Sai kuma, na ɗan wani lokaci, aka ɗauka ya bar ɗa a jikina. Ni ma na ɗauka.

Ni man gyaɗa nake sayarwa. Da kwalabe a kan faranti na fara, har Allah ya kai ni ga rumfa da jarkoki da masu saye daga nesa. Ba ni nake matsa ba. Matan Jiratawa da Tsibiri da ƙauyukan da ke bayansu ne suke soya gyaɗa, su kai inji, su juya a turmi, su matse, su toya ƙuli-ƙuli, ni kuma in bi gida-gida in kwashe man. Jarin wannan sana'a hanci ne. In na buɗe jarka na san ko an yi algus da man waje, ko gyaɗar ta sha ruwa a rumbu, ko an bar wuta ta ci kasko.

Akwai jari na biyu da ba na faɗa wa kowa, shi ne ido. Mace mai ƙaramin ciki ba ta iya tsayawa a kan kaskon ƙuli, ƙaurin yana juya mata hanji. Wata biyu, wani lokaci uku, gidan nan ba zai fitar da mai ba. In ban sani da wuri ba sai in zo da jarka wofi in koma da ita wofi, ga masu saye suna jira. Kuma mace ba za ta buɗe baki ta ce tana da ciki ba, kunya ba ta bari, wata ma ita kanta ba ta farga ba tukuna. Don haka na koyi karatun abin da kaina. Abin da nake fara gani shi ne ɗaurin zane. Wadda ta saba tamke shi a ƙirji sai in ga ta sassauta, tana gyarawa tana ɗan yamutsa fuska, don nono ya cika yana ciwo. Wannan yakan zo tun watan bai gama ɓata ba. Bayansa barci: mace mai zafin nama in same ta da hantsi a kan tabarma, turmi a kife. Laulayi na gaske sai sati biyu ko uku bayan ɓatan watan yake sauka, da tofar da yawu, da neman tsamiya ko yakuwa, da zama can nesa da hayaƙi. Wata fuskarta ta yi haske kamar an wanke ta, wata ta rame. Akwai kuma waɗanda ba sa nuna komai sai zane ya tona musu asiri, su ne ke jawo mini asara.

In na ga alama ba na magana a kai. Sai in ce, "Wannan watan ki huta, gyaɗa ta yi tsada," in wuce maƙwabta in ƙara musu gyaɗa. Ta san na sani, mu yi sallama lafiya.

Shekara da shekaru ina karanta wannan a jikin mata, ban taɓa ganinsa a nawa ba. Maigidana bai taɓa yi mini gori ba, ni ma ban taɓa yi masa ba. In an yi haihuwa a unguwa shi ke ɗinka ƴan rigunan jariri, ya ƙi karɓar kuɗin ɗinki, ya ce ai ƙyalle ne ya rage.

Da ya rasu na shiga takaba a gidanmu. Uwarsa, wadda nake kira Inna, ta taso daga Tsibiri da ƙullin kayanta ta ce za ta zauna da ni har arba'in. Tsohuwa ce ƴar siririya mai ƙarancin magana. Tsakanina da ita a da gaisuwa ce da kunya, sai atamfa da sallah. Ba mu taɓa zama gida ɗaya ba sai da mutuwa ta haɗa mu.

Tun da ba na fita, sai matan da nake hulɗa da su suka riƙa kawo mini man har gida. A cikinsu akwai wata ƴar Jiratawa, uwar ƴaƴa takwas, mai baki da dariya, wadda muke tare tun ina tallar faranti. A cikin takwas ɗin nan babu wanda ban riga mijinta sani ba. Ana gab da arba'in ta zo wata safiya da jarka a bayan babur ɗin kabu-kabu. Bayan ta yi mana gaisuwa ta kwance murfi ta turo mini. Ina sunkuyawa na ji kamar an naushe ni a ciki. Da ƙyar na kai bakin makwarara. Da na dawo na ce mata, "Wannan man ya lalace. Me kika zuba a ciki?"

"Ni? Hajiya, gyaɗarki ce, jiya na matse shi da hannuna."

"To hannun naki ne ya lalace."

"Hannun da ya gina miki rumfa?"

Ta tsoma yatsa ta lasa, ta miƙa wa Inna murfin ita ma ta sansana. Inna ta ce mai lafiyarsa lau. Matar ta dube ni tun daga fuska har ƙirji, irin duban da na daɗe ina yi mata, sai dariya ta kufce mata.

"Hajiya, wannan watan ki huta, gyaɗa ta yi tsada."

Nan take ta tuna gidan da take, ta rufe baki da mayafi, ta ce Allah ya ji ƙansa, ta miƙe. Har ta fita Inna tana riƙe da murfin jarkar, ta manta ba ta mayar ba.

Washegari bayan mun idar da azahar, muna zaune a kan tabarma ɗaya, Inna ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Ɗiyata, tun da na zo gidan nan kullum tare muke sallah. Ban ga kin yi fashi ba."

Na ce, "Inna, tashin hankali ma yana riƙe shi."

"Yana riƙewa. Shi ne kuma ke sa mace ta sassauta zane?"

Na dubi ƙirjina. Gaskiyarta ce. Na kwana biyu ina gyara ɗaurin ban kula ba. Barcin da nake yi da rana kuwa na ɗauka nauyin zuciya ne. Na zauna na jera abubuwan kamar yadda nake jera wa wasu. Wankana na ƙarshe kamar sati biyu ne kafin ya rasu. Ga nono, ga barci, ga ƙaurin mai, kowanne ya zo a kan lokacinsa, ba wanda ya riga wani. Shekaruna arba'in da ƴan kai, amma na ga waɗanda suka girme ni sun haihu. Da a jikin wata na ga wannan, da tuni na nemi wani gidan da zai ba ni mai.

Ranar sadakar arba'in ƙanen maigidana, ɗan ubansa wanda ke noma lambun Jiratawa, ya zo da malami don a fara maganar gado. Suna zaure Inna ta je bakin ƙofa ta ce, "Malam, a dakata tukuna." Malamin ya gane. Ya ce in akwai ciki ba a raba gado sai an sauka lafiya, an ga abin da Allah ya kawo. Na san abin da hakan ke nufi ga kowa. In namiji ne, ƙanen nan ba shi da komai a rabon yayansa. Ni kuma rabona zai sauko daga rubu'i zuwa tumuni, kuma da an ce in ba da tumunin ma a bar mini yaron, da ban tsaya tayawa ba.

Ƙanen nan abokin wasana ne. A da in ya shigo gidan sai ya ce, "Ina matata? Yaushe za ki bar tsohon nan ki dawo gidan mai zogale?" Ranar ya zo bakin ƙofar ɗakina ya tsuguna, ya ce, "Yaya, Allah ya sauke ki lafiya. In namiji ne ni zan koya masa ban ruwa." Mutum ne mai iyali da yawa, lambun nan ke ciyar da su. Na dubi fuskarsa yadda nake duban mai kawo mini kaya. Na ga damuwa, ban ga mugunta ba.

Inna ba ta koma Tsibiri bayan arba'in ba. Ta karɓe gidan gaba ɗaya. Ta sa aka kwashe jarkoki zuwa zauren maƙwabta don kada ƙaurin ya same ni. Ta hana ni ɗaukar ko buta cike. Ta hana ni fita tsakar gida da tsakar rana ko da magariba, ta ce lokacin iska ne. Kullum da safe kunun tsamiya, da rana kwaɗon zogale, in na amayar ta ce madalla, alamar ya kama da kyau ke nan. Ni da tun ina yarinya nake ɗaukar kaya a kai, ban taɓa sanin yadda ake ji in wani ya ce ajiye, ni zan ɗauka ba.

Kuma sai bakinta ya buɗe. Ta ba ni labarin lokacin da take ɗauke da cikinsa, yadda ta tsani warin daddawa, yadda ta ci goruba har haƙoranta suka yi ciwo. Ta faɗa mini waɗanda ta binne kafin shi da bayansa. Ta faɗa mini yana yaro barci gare shi kamar kasa, sai an yayyafa masa ruwa yake tashi. Wata rana tana tsinke zogale ta ce, "Sun ce ɗana ba ya haihuwa." Ban taɓa jin wani ya furta maganar nan ba sai ranar. Ta ce, "Ba su faɗa a gabana ba, amma na ji a shirunsu. To su zo su gani."

Ba zan ɓoye ba, a cikin kayan takaba, ba kwalli ba turare, na yi farin cikin da ban taɓa yin irinsa ba. Nakan yi kuka don ba ya nan ya gani, in share hawaye in kama tunanin wane ƙyalle ya rage a shagonsa da zai isa ƴar riga. Matan da ke zuwa gaisuwa su fara da Allah ya ji ƙansa, su ƙare da Allah ya raba lafiya. Labarin ya kai Tsibiri, ya kai Jiratawa.

Laulayin ya tafi a kan lokacinsa, kamar yadda yake tafiya ga kowa. A nan ne ya kamata ciki ya fara nuna kansa. Nawa ya ɗan taso, Inna tana kallo tana murmushi. Amma ni na san cikin wata huɗu, na sha gani a jikin mata suna sunkuye a kan turmi. Yana da tauri a ƙasan cibiya kamar an kifa ƴar ƙwarya. Nawa taushi gare shi, da safe ya faɗa, da yamma ya taso. In na kwanta na danna, hannuna sai ya shige. Na yi ta saurare ko zan ji motsi, ba na jin komai sai kukan hanji.

Ni ba na sayen jarka a rufe, ko ta uwata ce. Amma wannan na bar ta a rufe har sati nawa, don na san in na buɗe ba ta sake rufuwa. Abin da ya tashe ni shi ne kwanakin takaba sun zo ƙarewa, malamin ya aiko cewa mai ciki takabarta sai ta haihu. Ƙanen maigidana kuma yana noma ƙasar da bai san ko tasa ba ce. Mutane da yawa suna tsaye a kan abin da ni kaɗai nake taɓawa. Na ce wa Inna zan je awo. Ta yi murna, ta ce daman ya kamata.

A matarnite, asibitin haihuwa, akwai wata ungozoma ƴar Tsibiri, Kirista, gidansu kusa da na Inna. A wajena take sayen mai, kuma ba ta taɓa saye ba tare da ta ce ya yi tsada ba. Tana ganina ta ce, "Hajiya, ke da kike gane na kowa tun daga ƙofar gida, yau ke aka kawo?"

Na ce, "Ni na kawo kaina. Ki duba da kyau, ba na son wataƙila."

Ta karɓi fitsari ta gwada. Ta kwantar da ni ta daddanna. Wasan ya bar fuskarta. Ta ce mu je a yi eko, hoton ciki, kuma ta bar layin matan da ke jiranta ta raka ni da kanta. Aka shafa mini wani abu mai sanyi a ciki, mai na'urar ya yi ta yawo da ita yana kallon allo. Ni ma na kalla, ban ga komai ba sai baƙi da ruwan toka. Suka yi magana da Faransanci ƙasa-ƙasa. Ta kai ni wani ɗan ɗaki ta ja ƙofa.

"Hajiya, babu ciki."

"Ya mutu ne?"

"Babu shi. Mahaifa wofi take."

"Aman fa? Nonon fa? Ni ba yarinya ba ce, na san abin da na ji."

Ta ce ta yarda na ji, kuma ba ƙarya na yi ba. Ta ce babban tashin hankali yana tsayar da wata, ga shekaruna sun kai inda watan kan fara yi wa mace wasa kafin ya tafi gaba ɗaya. Wadda kuma ta daɗe tana so, wani lokaci jikinta yakan bi zuciyarta, ya yi duk abin da jikin mai ciki ke yi, har nono ya kawo ruwa. Ta ce ba ni ce ta farko da ta gani ba.

Na ce, "Ko ya taɓa zama, ko na sati ɗaya ne, ya fita?"

"Kin ga jini?"

"Ko ɗigo."

"To da ya zauna ya fita, da kin gani."

Na so ta ce ba ta sani ba, amma mace ce mai gaskiya. Ta raka ni har bakin titi ta tsayar mini da kabu-kabu. Ta ce, "Inna fa? Ko in zo in faɗa mata?" Na ce a'a, wannan kayana ne.

Na sami Inna a inuwa tana tsince tsamiya. Na zauna kusa da ita na faɗa mata yadda aka faɗa mini, ban rage ba ban ƙara ba. Ta saurara har na gama, hannunta bai daina aiki ba. Sannan ta ce, "Ya kwanta ne."

Na san maganar, kowa a ƙasar nan ya san ta. Tsofaffi suna cewa ciki yakan kwanta ya yi barci, shekara ɗaya, biyu, har fiye, sannan ya tashi ya ci gaba da girma. Ta ce a garinsu an yi wata da nata ya kwanta shekara uku, yaron yanzu har ya yi jikoki. Ta ce, "Yaro yana shigowa ya ji gida ya ɗauki kuka. Ya firgita. Ke da kanki da ba ki kwanta ba?"

"Inna, da idona na kalli allon."

"Mi kika gani?"

"Ban ga komai ba."

"To. Wanda ya kwanta a ɗaki mai duhu ana ganinsa daga ƙofa? Ubansa ma haka yake da barci."

Ba a daɗe ba watan ya dawo mini, kaɗan. Na yi fashin sallah a gabanta. Ta ce mai kwantaccen ciki ma tana gani. Ni dai na aika wa malamin da ƙanen maigidana da gaskiyar magana. Na yi wanka na fita takaba, aka raba gado, aka ba ni rubu'i, rabon da ya fi yawa, wanda ban so ba. Ƙanen ya zo ya tsuguna inda ya tsuguna a da, ya ce, "Yaya, wallahi da na fi son in rasa lambun." Na yarda da rabin maganar, kuma rabin ya ishe ni.

Na koma rumfa. Hancina ya dawo daidai, har yau bai sake cin amanata ba. Matan da na saba da su ba wadda ta yi mini maganar. Ƴar Jiratawa da ta fara yin dariyar ta yi wata guda tana aiko da mai ba ta zo da kanta ba, sai da na je na ce mata in ba ta daina ɓuya ba zan rage mata farashi.

Inna ta koma Tsibiri. Daga cikin rabonta ta sayi jar akuya budurwa ta ɗaure a tsakar gida, ta ce ta yaro ce, kamar yadda ake ba jariri dabba ta yi ta haihuwa yana girma. Duk zuwan da na yi Tsibiri kwasar mai sai na biya wajenta. Kafin in zauna za ta ce, "Ya baƙon namu?" In ce, "Inna, babu baƙo." Ta ce, "To, bai tashi ba ke nan." Sai ta shiga ɗaki ta ɗauko jiƙon saiwoyi mai ɗaci da wata tsohuwa ke haɗa mata na tayar da ciki, ta tsaya a kaina sai na shanye. Nakan sha. Sannan ta kai ni in ga akuya, ta nuna mini ta yi ciki, ta haifi biyu, ƴaƴan sun fara cin dusa.

Shekarar farko kullum sai na faɗa mata babu. Daga baya na gaji da kwashe mata abu ɗaya a duk zuwa, tana mayar da shi da zarar na juya baya. In ta tambaya sai in ce, "Inna, ga mu nan dai." Ban taɓa ce mata akwai ba.

A shekara ta biyu wani mai sayar da hatsi ya aiko yana nemana da aure. Dattijo ne, matarsa ta rasu, ƴaƴansa sun girma, kuma na san cinikinsa, ba ya tauye mudu. Na ga ya yi mini. Na je Tsibiri in faɗa wa Inna da bakina kafin ta ji a waje. Da na faɗa mata, ta ce a hankali, "Da cikin ɗana?"

"Inna, malam ya ce na fita tun tuni."

"Malam bai san inda yake kwance ba. In ya tashi a can gidan, ɗan wa za a ce?"

Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba, tambaya ta yi. Na dawo Maraɗi na ce wa mutumin ya ɗan jira. Ya jira damina ɗaya ya auri wata, kuma ban ga laifinsa ba. Ba zan ce don Inna kaɗai na bari ba, na saba da gidana da ƙofata. Amma da ta ce je ki, da na tafi.

Ta yi shekara biyar bayan ɗanta. Kafin nan watan ya bar ni gaba ɗaya, yadda ungozomar ta ce zai yi. Da ciwon ajali ya kwantar da ita na rufe rumfa na koma Tsibiri na yi jinyarta. Ana gobe za ta rasu, da hantsi, ta sa na ɗaga labule don ta ga tsakar gida inda awakin ke ɗaure. Ba ta tambaye ni baƙo ba. Ta ce, "Ɗiyata, kada a sayar da su. Kada a yanka ko ɗaya sai ranar suna."

Na ce, "To, Inna."

Bayan sadakar bakwai ƙanen maigidana ya kawo mini su har Sabon Gari a cikin amalanke. Ya ce malam ya ce ba a yi wa wanda babu shi wasiyya, awakin gadonta ne, na ƴaƴan ƙanenta. Su kuma sun ce ba za su iya ci ba, sun bar mini halak malak. Ya ce, "Yanzu naki ne, Yaya, in kin so gobe ki kai kasuwa." Ya tsaya yana kallonsu suna cin bangon zaure, ya ƙara da cewa, "Ni dai kada ki sayar mini."

Awakin suna Jiratawa yanzu a gidan matar nan mai ƴaƴa takwas. Tana shan nono, tana kwashe taki, ni nake aika harawa da dusa in rani ya yi. Uwar garken ta tsufa ta mutu da kanta. Sauran sun wuce goma, kuma suna ƙaruwa. Duk sallar layya sai matar ta ce, "Hajiya, bunsurun nan ya isa kuɗi, cin banza kawai yake yi mana." In ce ta bar shi. Ta ce ni ce ƴar kasuwar da ta fi kowa wayo a Maraɗi, kuma akuya ta fi ni.

In na yi lissafi yadda na iya shi, ga abin da ke fita. Na rasa miji. Na rasa ɗan da bai taɓa zuwa ba, kuma na yi kukansa kamar wanda na goya. Na rasa aure mai kyau. Maganar da dangi suke yi da shiru a kan maigidana tana nan yadda take, ban iya wanke shi ba. A hannuna akwai dabbobin da nake ciyarwa ba zan sayar ba, kuma duk ɗan kasuwa ya san sunan irin wannan kaya. Riba ɗaya na gani, ita ma ba a hannuna ta faɗa ba: tsohuwar nan ta mutu tana da jika. Sauran duka asara ce, kuma har gobe ni ke sayen dusa.